Sanyin Ɗakin Wankin Ƙoda da Rigar Batir

Jama'a masu sauraro, ga mu a filinmu na kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, da na ƙauyukan da ke tsakani, na gida da na kasuwa, da direbobin da ke bisa hanya suna jin mu. Wanda ke kwance, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Mai jinya kuma, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada.

Ga hunturu ya kankama, hazo ya sauka, leɓɓa sun fara tsagewa, kowa ya zaro rigar sanyinsa daga ƙasan akwati. To amma sanyin da na zo mana da zancensa yau ba ruwansa da hunturu. Ko a tsakiyar bazara yana kama mutum. Shi ne sanyin da ke kama mai ciwon ƙoda idan an ɗora shi a kan injin wanki. Za mu kuma taɓo wata riga da ta fito, mai ɗumama jiki da batir, mu ga amfaninta da inda ya kamata a yi hattara da ita.

Ni dai a jikin kawuna na fara ganin wannan sanyi. Manomi ne, ƙaƙƙarfa, irin mutanen da ke shiga fadama da asubar hunturu daga su sai 'yar shara. Hawan jini ya daɗe yana cin sa bai sani ba, sai da ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ragu, aka ce ƙoda ta gaza. Wata rana cikin watan Afrilu na raka shi wanki. Tun daga mota gumi ke bin bayana. Ba a yi awa ɗaya da kunna injin ba na ga ya takure, ya ce mini a hankali, "Ɗan nan, miƙo mini bargon can." Na taɓa tafin ƙafarsa na ji kamar gindin randa. Na warware bargo na lulluɓe shi tun daga yatsun ƙafa har wuya, har da hannun da aka soka wa allurai, ina ganin na yi abin kirki. Sai ga ma'aikaciyar jinya ta taso da sauri, ta yaye bargon daga hannun, ta ce, "Malam, rufe masa ko'ina, amma hannun nan ka bar mini shi a fili. Baba, yi haƙuri, so nake idona ya riƙa ganin wurin nan." A lokacin na ji haushi a raina. Daga baya na gane gaskiyarta, kuma zan gaya muku dalili kafin mu rabu.

Bari mu fara da inda sanyin yake fitowa. Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Idan ta gaza, inji ke karɓar aikin. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya haɗa irin wannan inji na farko a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma har yau dabarar ɗaya ce: a fitar da jini daga jiki, a bi da shi ta matata, a mayar. Jinin yana fita ta siririn tiyo, ya ratsa matatar, ya dawo ta wani tiyon. A minti ɗaya injin kan ja wajen mililita 300, wato fiye da rabin ledar ruwan sha. Zama ɗaya kuma wajen awa 4 ne. Idan ka lissafa, lita 70 da 'yan kai ke nan suka bi ta cikin tiyon, alhali duk jinin jikin babban mutum bai wuce lita 5 ba. Ka ga jininsa ya fita ya dawo fiye da sau goma. Ku tuna yadda mai shayi ke sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan don ya huce. Haka jinin ke barin ɗan ɗumi a hanya duk zagayen da ya yi.

Akwai kuma ruwan wankin kansa, wanda ke gudana a cikin matatar yana ɗebe dattin. Injin ne ke ɗumama shi, kuma ma'aikata ne ke saita zafinsa. Zafin jikin mutum mai lafiya wajen digiri 37 ne. Sau da yawa da gangan ake rage zafin ruwan zuwa digiri 36 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma ba don mugunta ba. A zaman wanki ɗaya ana iya janye wa mutum ruwa lita 2 ko 3 daga jiki. Idan jiki ya ɗau zafi a wannan lokaci, hanyoyin jinin fata sai su buɗe, jini ya watsu can, ƙarfin bugawarsa ya faɗi, abin da muke cewa jini ya yi ƙasa. Nan ne za ka ga jiri, da amai, da ɗaurewar ƙafa, wani har suma. Ɗan sanyin nan yana taimaka wa hanyoyin jini su tsuke, mutum ya kai ƙarshen wankin lafiya. Ku riƙe wannan, don zai dawo idan mun zo kan rigar batir.

Amma fa wannan bai zama dalilin da zai sa mara lafiya ya yi ta shan sanyi yana shiru ba. A lardin Ontario na ƙasar Kanada an yi wani babban bincike a cibiyoyin wankin ƙoda 84, da marasa lafiya sama da 15,000, aka buga sakamakonsa a mujallar likitoci ta Lancet a 2022. An gano cewa rage wa kowa da kowa zafin ruwan wanki bai rage mutuwa ko kwanciya asibiti saboda ciwon zuciya ba, sai dai waɗanda aka rage wa sun fi kukan sanyi. Ma'ana, ba kowa ne ke bukatar ruwa mai sanyi ba. Wanda jininsa ke yawan faɗuwa, likita zai iya ganin ya dace da shi, wani kuwa ana iya ƙara masa ɗumi kaɗan. Saboda haka, Baba, Inna, idan sanyi ya dame ku, ku faɗa. Kara da kawaici halinmu ne, amma a ɗakin wanki ba su da amfani. Injin dai kada mai jinya ya kuskura ya taɓa shi, magana kawai za a yi.

Sauran dalilan a fili suke. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, don haka kusan duk wanda ƙodarsa ta gaza yana fama da ƙarancin jini, mai ƙarancin jini kuwa ba ya jure sanyi. Ga rama. Ga na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa a yawancin ɗakunan wanki. Ga zama wuri ɗaya awa huɗu ba motsi. Ko mai lafiya aka zaunar haka sai ya nemi mayafi.

To, mu zo ga rigar. Yawancinta kamar falmaran take, ba hannu, da zif a gaba. A cikin ɗinkinta an shimfiɗa wasu siraran zarurruka masu ɗaukar zafi, a baya da ƙirji, wata har da wuya. A aljihu akwai 'yar waya da ake jonawa da batir, kuma batirin ba wani baƙo ba ne, fawa bankin nan ne da samarinmu ke cajin waya da shi. Akwai maɓalli a ƙirji, ka danna ya canza launi, zafi ya ƙaru ko ya ragu, galibi mataki uku. Wutar da irin wannan ke ja bolt 5 ce, ta cajin waya, ba ta jan mutum kamar wutar Nepa. Asali don masu aiki a waje a ƙasashen ƙanƙara aka yi ta, da masu babur da mafarauta, kuma mafi yawanta daga ƙasar Sin take fitowa. Amma masu wankin ƙoda kam, kamar don su aka ɗinka ta, tunda tana ɗumama gangar jiki ta bar hannu a sake. Batir mai kyau, irin wanda aka rubuta wa 10,000, idan ya cika kuma aka sa rigar a ƙaramin mataki, yakan kai ƙarshen zama ɗaya.

In kun tambaye ni, riga ce mai amfani, ba na ƙin ta. Mutumin da ke kwana yana fargabar sanyin gobe, har ya fara neman dalilin fashin wanki, in wannan riga za ta sa ya je, to ta biya kuɗinta. Sai dai ina roƙon iyalai, kada ta zama farkon abin saye. Mun san yadda kuɗin wanki ke cinye gona da dabba. Ka'ida sau uku ne a mako, amma gidaje nawa ne a wajenmu ke iya biyan haka? A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, irin su na Maiduguri da Azare, abin da ke nuna yadda nauyin ya kai. Mutumin Gummi ko Bukkuyum kuma bayan kuɗin wanki ga kuɗin mota zuwa Gusau ko Sakkwato, shi da mai rakiya, ga abinci, ga magani. Kada a sayar da akuya a sayi riga alhali kuɗin wankin jibi bai haɗu ba. In akwai ɗa ko ƙane a Kano ko Abuja ko Saudiyya da ke tambayar me zai aiko, to bayan kuɗin wanki da allurar ƙarin jini, ana iya ce masa ya duba wannan.

Wanda Allah ya hore wa ya samu, ga abin da zai kiyaye. Ranar farko, kafin ya saka, ya nuna wa ma'aikatan jinya, su duba su amince. Wani ɗakin akwai mai shaƙar iskar oksijin a gado na kusa, kayan batir kuwa ba a wasa da su kusa da ita. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, sai ya ji ta bakin likitansa tukuna. Sannan ba a sa ta a kan fata kai tsaye, sai an sa singileti ko 'yar shara a ƙasa. A fara da ƙaramin mataki, a kuma tsaya a nan. Ku tuna abin da na faɗa ɗazu: zafi mai yawa yana buɗe hanyoyin jini, jini ya faɗi. Idan mutum ya kai ga yin gumi a kan inji, to rigar ta wuce aikinta, a kashe ta. Abin nema shi ne a kore sanyi kawai.

Masu ciwon suga, ku matso kusa da rediyo, don da yawa daga masu wankin ƙoda suga ne ya kai su. Suga yana kashe jijiyoyin ji, musamman a ƙafa da hannu. Mutum zai iya ƙonewa bai ji ba. Kuma ba sai abu ya yi zafin garwashi ba. Zafin digiri 44, wanda hannu zai taɓa ya ce ai ɗumi ne, idan ya zauna a kan fata wajen awa 6 yana ƙona ta, kuma da zafin ya ɗan ƙaru lokacin sai ya gajarta ƙwarai. Wasu rigunan a babban mataki suna haura digiri 50. Ga mutum kwance ya danne rigar da bayansa, barci ya ɗauke shi. Ƙunar mai suga kuwa kun san ba ta warkewa da wuri. Don haka mai jinya ya riƙa zura hannu yana jin zafin, in an koma gida ya ɗaga rigar ya duba bayan ko akwai ja ko bororo. Wannan gargaɗi ya shafi gorar ruwan zafi da wasu ke ɗora wa mara lafiya a ƙafa. Ita ma ta ƙona mutane da yawa.

Batirin kuma a saya mai kyau, don jabu ya cika kasuwa. Wanda ya kumbura, ko ya fashe, ko yake ɗaukar zafi a aljihu, a rabu da shi, irinsa ke kama wuta. Kada a jona shi a caji alhali rigar na jikin mutum. A kai shi wurin mai caji ko a jona a sola tun jiya, ya cika. In za a wanke rigar a cire batirin, kuma kada a murɗe ta wajen matsa, zarurrukan cikin na tsinkewa.

Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba, sikeli. Kafin a ɗora mutum a inji ana auna nauyinsa, a gwada da nauyinsa na asali, wato nauyinsa idan babu ruwan da ya taru. Abin da ya ƙaru shi ne ruwan da za a janye, kilo ɗaya lita ɗaya. Yanzu a ce Baba ya hau sikeli da rigar batir, da batirin a aljihu, da suwaita, da babbar riga, da takalmi. Kayan nan kaɗai na iya kai kilo ɗaya ko fiye. In ba a lura ba, sai a saita inji ya janye ruwan da babu shi a jiki, ƙarshenta jiri da ɗaurewar ƙafa da faɗuwar jini. Saboda haka a cire kayan nauyi kafin a hau sikeli, a riƙa hawa da kaya iri ɗaya kullum, kafin wanki da bayansa. A lokacin hunturu wannan ya fi faruwa, don kowa a naɗe yake zuwa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna a duk shirin nan. Masu sauraro, sanyin ɗakin wanki iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda ke shigowa a hankali, ƙafa da hannu su yi sanyi, a rufa a ji dama. Akwai kuma wanda ke zuwa farat ɗaya, jiki ya ɗauki rawar ɗari, haƙora su riƙa haɗuwa, gado ya riƙa motsi, ka jibga bargo uku ba ya ji. Sau da yawa yakan taso ne ba da daɗewa da kunna injin ba, zazzaɓi ya biyo baya. Wannan ba aikin riga ba ne. Alama ce ta cewa ƙila ƙwayoyin cuta sun shiga jini, musamman ga wanda ake yi wa wanki ta robar wuya ko ta cinya, kuma da yawa daga mutanenmu da ita suke farawa, wasu su daɗe da ita. Robar nan ƙofa ce da ta buɗe kai tsaye zuwa cikin jini. Yana kuma iya zama zazzaɓin cizon sauro. Ko wanne ne, gwaji ne zai nuna, kuma jinkiri a nan yana kashewa. Tsorona shi ne mai rigar batir ya ji irin wannan rawar ɗari ya danna maɓalli ya ƙara zafi, ya yi shiru, ma'aikata ba su sani ba. Kada a yi haka. A ɗaga murya a kira su nan take. A bari su auna zafin jiki kafin a kunna rigar, don su san daga inda aka tashi.

Haka in an koma gida. Mai robar wuya da ya yi zazzaɓi ko rawar ɗari, ko aka ga ja ko ruwa ko mugunya a bakin robar, asibiti za a koma. Kada a tsaya kemis, kada a sayi haɗin maganin ciwon jiki na 'yan talla, kada a ce bari a jiƙa saiwa a gani zuwa gobe. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da da yawa daga abin da aka sha. Kuma mai robar wuya ya kula kada zafin rigar ya zauna a kan bandejin, don gumi na jiƙa shi, jiƙaƙƙen bandeji kuwa gidan ƙwayoyin cuta ne.

Mu koma ga hannun kawu. Wanda ya daɗe yana wanki akan yi masa ƙaramin aiki a hannu, a haɗa jijiyoyin jini biyu don wurin ya yi ƙarfi ya karɓi allura. Likitoci na ce masa fistula, amma ba shi da wata alaƙa da yoyon fitsari, sunan ne kawai ya zo ɗaya. A nan ake soka allurai biyu, ɗaya jini ya fita, ɗaya ya koma. Idan ta komawar ta zame, misali mutum ya juya cikin barci ko bargo ya ja ta, injin zai iya ci gaba da turo jini, kuma ba kullum yake ƙara ya sanar ba. Ku tuna lissafinmu, fiye da rabin ledar ruwa a kowane minti. A ƙarƙashin bargo mai kauri, kafin wani ya lura, 'yan mintoci sun isa. Abin da ma'aikaciyar nan ta sani ke nan, ni ban sani ba. Hannu mai allura, da bakin robar wuya, da fuskar mara lafiya, waɗannan ba a rufe su. Kuma hannun fistula ba ya son matsi: ba agogo, ba awarwaro, ba hannun suwaita mai roba da aka naɗe sama ya shaƙe damtse.

Na san iyayenmu mata za su ce to ina sutura? Gaskiya ne, mace mai mutunci ba ta son zama awa huɗu wuya ko damtse a buɗe, ga maza na shige da fice. Wannan ba ƙaramar damuwa ba ce, kuma tana da magani. A nan nake kira ga telolinmu na Gummi da Anka da Nasarawar Burkullu. A ƙasashen waje akwai rigunan da aka ɗinka musamman don masu wanki, an tsaga hannun an sa zif ko maɓallai daga wuyan hannu zuwa damtse, ko an yi 'yar taga a kafaɗa daidai wurin robar. Ba abin da ya gagari telanmu a ciki. A kawo maka rigar sanyi ta gwanjo mai kauri, ka tsaga hannun da ake wanki da shi, ka sa zif. Hijabi ma haka, a yi masa ƙofa mai maɓalli, a buɗe daidai wurin da ake bukata, sauran jiki a rufe. Mu irin wannan rigar sanyi mai zif muka yi wa kawu. Tela bai ɗauki yini ba, kuma tun daga ranar ya daina jin nauyin zuwa wanki saboda sanyi. Muka haɗa masa da safa mai kauri, da hular sanyi, da safar hannu guda ɗaya ta hannun da ba allura, da bargonsa na gida wankakke. Ga wanda bai da halin rigar batir, wannan ya isa ya kore mafi yawan sanyin.

Shayi fa? Na san shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi. A yi hattara. Wanda fitsarinsa ya ragu ko ya tsaya, an ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, kuma shayi da kunu da koko da romo duk a cikin lissafin suke. Kofi uku na shayi don korar sanyi ruwa ne da zai taru a huhu, numfashi ya yi wuya cikin dare. A gida kuma, don Allah kada a shigar masa da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Hayaƙin gawayi da ido ba ya gani yana kashe mai lafiya ma, balle mai ƙarancin jini.

Sai hanya. Wanda zai tashi daga Daki Takwas ko Anka ya bi ta Mayanchi ya kama Gusau, sammako ya kama shi, don halin da hanyoyinmu ke ciki bai bar mana tafiyar dare ba, kowa so yake ya je ya dawo da rana. Asubar hunturu a bayan babur kafin a kai tasha, sannan mota mai gilashin da ba ya rufuwa, mutum yakan isa asibiti a sandare tun kafin a kunna inji. A ganina a nan rigar batir ta fi nuna kanta. Sai dai wanda ya ƙone batirinsa a hanya ba zai same shi a ɗakin wanki ba, don haka a yi tattali, ko a riƙe na biyu.

Ba zan rufe shirin nan ban taɓo abin da ya shafe mu mu kaɗai ba. Ba mu manta 2010 ba, shekarar da aka gano gubar dalma a 'Yargalma da Tungar Guru, da Dareta da Abare da Sunke, daga baya Bagega, wadda sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje su suka watsa ƙurar. Yara aƙalla 400 suka rasu, ƙungiyar Likitoci Na-gari Na Kowa ta yi wa dubbai magani a Anka da Bukkuyum. Waɗanda suka tsira yau samari ne da 'yan mata, wasu sun yi aure. Dalma tana maƙalewa a ƙashi shekaru masu yawa, kuma sananne ne tana jawo hawan jini tana lalata ƙoda sannu a hankali. Ba ina cewa duk wanda ya shaƙi ƙurar zai kamu ba. Ina cewa duk wanda ya tashi a waɗannan garuruwa, da duk mai haƙa da niƙa da wanke dutse har yau, ya riƙa auna jininsa, ya yi gwajin fitsari da na ƙoda ko da sau ɗaya a shekara. Ciwon ƙoda ba ya sallama, sai ya ci rabin gida ake jin motsinsa. Wanda aka kama nasa da wuri, da magani da rage gishiri ana iya jinkirta inji shekaru.

Ga shugabannin asibitocin da ke wankin ƙoda, roƙona ƙarami ne: a tanadi bargo wankakke ga kowane gado, kuma a riƙa tambayar mara lafiya ko yana jin sanyi, don dattijon ƙauye ba zai fara faɗa ba. Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da za ku raka mara lafiya wanki gobe ko jibi, kada ku ajiye shi ku fita waje ku zauna. In an ba ku dama ku zauna kusa. Ku taɓa ƙafarsa, ku ja masa bargo, ku bar hannun a fili. In ya ce muku sanyin yau ba irin na kullum ba ne, ku tashi ku kira ma'aikata a lokacin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya.